Kaya Uku, Ƙunshi Ɗaya

Tun yana da baƙin gashi yake naɗe wa matafiya akwati da leda a ƙaramin filin jirgin garin, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Baba Mai Leda. Injinsa na bakin ƙofar shiga, wani faifai ne mai juyawa yana kuka kamar tsohon ƙyaure. Zamanin tsohon kamfanin jirgi, wanda ke ba fasinja abinci da bargo har da murmushi, Baba ya sha miya. Masu kwat da manyan akwatuna ko farashi ba sa tambaya.

Kwatsam sai ga kamfanin araha da jiragensa masu matsattsun kujeru, ko ruwan sha sai ka saya. Jama'a kuwa suka yi masa caa. Tsohon kamfani ya rage tashi, ya sake ragewa, wata safiya ya tattara ya bar garin. Baba ya zura ido yana neman masu kwat, sai ɗalibai yake gani, kowa da 'yar jaka a baya. To me za a naɗe a jikin ɗalibi?

Manajan filin ya same shi yana sosa ƙeya. "Baba, kada ka ga laifina. Masu shayi na son gurbin nan. In wata ya ƙare a haka, sai dai haƙuri."

Tsoro ya kama Baba sosai. Bai iya wata sana'a ba, zaman gida kuma ya fi ƙarfinsa. Matarsa ta ce, "In ka dawo min gida, ni za ka naɗe ko tukwanena?" Da wasa ta faɗa, amma ranar ita ma ba ta ci abin kirki ba.

Wata na dab da ƙarewa sai ga wata dattijuwa da ba ta taɓa hawa jirgi ba, za ta je ganin 'yarta da ta haihu. Ta baro kantar awon kaya tana huci, tana jan jaka da buhu da bahon wankan jariri.

"Wai guda ɗaya tikitina ya ɗauka! Nauyi bai wuce ba, amma kowane ƙari sai na biya. Kai ƙanena, haɗe min su."

"Yaya, ba a haka. Akwati ake naɗewa."

"Ledar ce ta gaya maka?"

Baba ya cusa jakar a cikin baho, ya ɗora buhu, ya kunna inji yana gunaguni. Abin ya fito wani ƙaton dunƙule mai kama da kabewa, shi kansa sai da ya ji kunya. Da dattijuwar ta mayar da shi wurin awo, ma'aikaciya ta ɗora shi a sikeli, ta zagaya shi, ta kira na gaba da ita, suka yi ƙus-ƙus. Can ta ce, "Guda ɗaya ne," ta manna masa takarda.

Ashe duk layin ido suka zuba. Mai kwali da jaka ya fito, mai katifar yara ta biyo shi. Waɗannan mutanen mota ne a da, araha ta kawo su jirgi da tarkacensu, Baba ne dai bai taɓa kallonsu ba.

Ranar ƙarshen wata manaja ya taho yana kutsawa ta cikin mutane. Baba ya kashe inji yana jiran a sallame shi.

"Baba, layin nan naka ya tare mana ƙofa. Gobe za a matsar da kai ciki, kusa da sikeli. Can ya fi fili."

Don daɗi Baba ya zauna daɓas a kan kwalin wani saurayi.

"Wayyo Baba, tangaran ne a ciki!"

Ya miƙe zumbur yana dariya, yana share ido da bakin riga. "Yi haƙuri, ɗana. Kawo shi nan."