Wanda Ya Raba Mini Maganar Mijina Da Ta Wani

Ina shanya wanki 'yata ta leƙo da waya a hannu ta ce, "Umma, Injiniya zai ajiye aiki ƙarshen wata." Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane har ruwa ya gangaro mini gwiwar hannu. Bokona bai yi nisa ba, amma na ce wannan karon sai na rubuta.

Injiniyan kwamfuta ne. Shekara ashirin da biyu yana wani ɗan ɗaki a bayan sashen wankin ƙoda na asibiti, ba taga, sai fanka mai kuka da kujerar da aka tokare wa ƙafa da tsohon littafi. Ƙarfe bakwai zai iso, ya rataye hula, ya fara da duba zauren masu ciwon ƙoda. Zauren ba gini ba ne. Mutum ya aika wasiƙa ɗaya ta imel, ta isa ga kowa, a kuma adana ta a shafin intanet. Ba wanda ya ɗora masa kula da shi. Nas-nas ɗin sashen shaida ne.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya shekara shida yana rubutu a wurin. Bayan rasuwarsa na ce 'yata ta buɗe mini. Shafin irin na da ne, rubutu ƙanana kamar tururuwa, layi ya wuce gefen waya sai an jawo shi da yatsa. Na lallaɓa har na ga sunansa. A ƙarƙashi an rubuta: "Matata ta gaji da ni, ina gani a idonta."

Na kife wayar. Wata bakwai ban sake buɗewa ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ashe mutumin da na yi jinyarsa shekara shida da wannan ya tafi a ransa?

Ran nan 'yata ta ce Injiniya yana sabunta shafukan, kuma shi ba ya yarda aiki ya yi sai tsofaffin idanu sun gwada. Kunyarsa ce ta kai ni.

"Hajiya, ki zauna a hankali, kujerar nan ta girme ni."

"Ita ba za ta yi ritaya ba?"

"Sai dai mu tafi tare." Ya juyo allon wajena. "Wasiƙun nan amana ce, ko harafi ɗaya ba zan taɓa ba. Riga kawai nake ɗinka musu. Wannan ɗan fayil ɗin shi ke gaya wa dukkan shafukan girman rubutu da launi da tazara. In na gyara nan, duka sun gyaru." Ya miƙo mini wayata. "Kina gani?"

"Ƙara."

"Yanzu fa?"

"Injiniya, rowar tawada kake yi? Ƙara."

Ya yi dariya ya ƙara. Sai ya ce mu gwada da wasiƙun Malam, maigidana. Na ce a'a, hawaye kuma suka tona mini asiri, na faɗa masa abin da na gani. Ya nemo wasiƙar, ya karanta, ya cire tabarau.

"Hajiya, a zauren nan in mutum zai ba da amsa, maganar wanda yake amsa wa ce ke fara fitowa a sama. Mu mun saba, mun san 'yar alamar da ke gefe. Ke ba wanda ya gaya miki. Laifin shafina ne."

Ya ƙara 'yan layuka a fayil ɗin. Ina kallo maganar nan ta dushe, ta koma ruwan toka, ta matsa gefe. A ƙarƙashinta ga amsar Malam da rubutu baƙi, manya:

"Ɗan'uwa, gajiya daban, ƙi daban. Tawa takan yi gyangyaɗi a zaune da kofin maganina a hannu, bai taɓa zubewa ba. Ka gode wa taka tun kana da baki."

Injiniya ya miƙe wai zai nemo ruwa. Ga gora cike a kan teburinsa.

Injiniya, kai ne ka ɗinka riga ba ka taɓa jikin mai ita ba. Kai ne ka ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora maka. Na ji daga baya sai da ka zaunar da tsofaffi tara a kujerar nan, har da wanda hannunsa ke rawa, ka faɗaɗa masa wurin dannawa. Na gode, Injiniya. Allah ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka mini.

Ku masu irin wannan aikin, kafin ku ce kun gama, ku nemo tsohuwa ku miƙa mata wayar, ku tambaye ta abin da ta gani.

Wasiƙun Malam ɗari huɗu ne da 'yan kai. Kullum da safe nakan zuba shayi a kofin nan nasa, in karanta ɗaya tak. Ba na sauri. Ruwan tokar nakan tsallake.