Juma'a Ukun Malam Ari

Malam Ari Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, don haka shekara ashirin da muka yi muna katanga ɗaya a Kwaciri ban taɓa kiransa da komai ba sai "bawana", shi ma da haka yake rama mini. Kakansa ne ya zo daga Barno da fataucin kanwa ya zauna a Fagge. Shi Ari bai gaji fatauci ba, sai taurin kai da son tsabta. Ni tela ne, ina kuma kiwon 'yan awaki a bayan gida, wajen da unguwarmu ta gangara zuwa rafi.

Da kuɗin mai suka fara shigowa, aka gina wani ɗan gidan tace ruwan kwata a bayan Sabon Gari. Ruwan wanka da na wanki da na 'yan kamfanoni duk can yake taruwa, a tace shi, a sake shi cikin rafin da ya bi ta bayan gidajenmu. A nan Ari ya sami aiki. Aikin kuwa shi ne ɗibar ruwa. Kullum da ƙarfe tara na safe zai hau kekensa da akwatin katako mai kwalabe shida, ya cika uku a inda ruwa ke shiga gidan tacewar, uku a inda yake fita, ya kai wa Mista Nwabueze, wani Ibo mai ɗakin gwaji wanda ya dawo Kano bayan yaƙin basasa. Nakan ce masa, "Duk girman rawaninka, kashin mutane kake yi wa dako." Sai ya ce ai gara shi, ni wandunansu nake aunawa.

Amma yana ji da aikin nan ƙwarai. Lokacin da aka kawo famfo bakin titi, mutane suka fara layi da bokitai, Ari ya hana matarsa Falmata zuwa. Yana da rijiya a tsakar gida, shi ya haƙa ta da hannunsa, ruwanta sanyi kamar na randa. Wasu suka ce rijiyar ta yi kusa da rafi. Ya buga ƙirji ya ce, "Ni nake ɗibar ruwan rafin nan kullum, ni nake ganin takardarsa. Lafiyarsa lau." Da maganarsa rabin layinmu muka ci gaba da sha daga rijiyarsa, har da ni.

Abu na biyu da yake ji da shi, sallar Juma'a. Tun yana saurayi bai taɓa rasa ta ba. Wurinsa sananne ne a masallacin Fagge, sahu na biyu, daf da ginshiƙi, ni kuma a hagunsa.

Awakina ne suka fara. Wata tsohuwar akuya ta daina tsayawa ta ci abinci, sai ta durƙusa a kan gwiwoyinta na gaba, ta riƙa jan jiki a haka tana kiwo. Na ɗauka ƙaya ce. Kafin damina ta wuce huɗu sun bi ta. Ka leƙa da safe ka tarar da su a jere a durƙushe, ba kuka, ba tuƙa, sun zuba maka ido. Na buɗe bakin ɗaya na ga haƙoran sun yi baƙi sun cinye, wasu dogaye wasu gajeru. Na kira mai magani, ya tofa abin da zai tofa, ya ce iska ce daga rafi. Na yarda, don kuwa a shekarun nan kwaɗi ma sun daina kuka a rafin, kuma babu wanda ya iya tuna ranar da suka daina.

Sai kuma Gumsu, 'yar autan Ari, wadda aka haifa shekara guda kafin a buɗe kamfanin kwanuka, irin kwanukan fenti da mata ke jerawa a ɗaki. Da ta kai shekara bakwai ta yi famfara, sababbin haƙoranta suka fito da ɗigo-ɗigon fari kamar alli, da ratsin ja-ja a tsakiya. Matan Barebari kun san su da goga furen taba a haƙori, su ci goro a kai, haƙori ya yi ja, shi ne kwalliya. Don haka da Falmata ta gani sai ta yi guɗa. Mata suka riƙa zuwa kallo, ana ɗaga leɓen yarinya ana cewa an haife ta da furenta, jinin Barno bai ɓuya ba. Ari da kansa ya kawo mini ita shago yana taƙama. "Nuna wa bawanmu," ya ce. Ta washe baki, na ba ta alewa. Ban haɗa haƙoranta da na awakina ba, kuma wannan yana damuna har gobe.

A cikin shekarar saba'in da bakwai na taka ƙusa, ƙafa ta kumbura, na kasa zuwa Juma'a. Wanda bai taɓa zama a unguwa ba lokacin da maza suka tafi masallaci bai san shirun da ake yi ba. Rana tsaka, shaguna a rufe, ba keke ba babur, sai muryar liman can nesa tana zuwa tana yankewa. Na ɗingisa bayan gida don in duba awaki.

Rafinmu baƙi ne, yana da wari, mun saba. Ina tsaye sai na ji warin ya ɗauke. Ƙudajen da ke bakin ruwa suka tashi gaba ɗaya. Daga sama wani ruwa ya taho, garai-garai, yana tura baƙin a gabansa, har na ga yashin ƙasa da fasassun tangaran da ban taɓa sanin suna wurin ba. Babu kumfa, babu ƙara. Ban taɓa ganin ruwa mai kyau haka ba, kuma ban taɓa jin tsoron ruwa kamar ranar ba. Awakina suka ja gwiwa suka gangara suka kafa baki. Kafin masallata su fara dawowa baƙin ruwan ya komo da warinsa, kamar ba a yi ba.

Da yamma na ba Ari labari, cikin tsokana. Na ce aljanun rafinsa ma wankan Juma'a suke yi. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, ya sake tambaya, sannan ya tashi bai ko shanye shayinsa ba.

Abin da ya gaya mini daga baya shi ne, a lokacin an kafa kwamiti da zai yanke adadin wani sinadari, fuloraid, da za a yarda gidan tacewa ya riƙa saki a rafi, daga nan kuma a yanka wa kowane kamfani iyakar abin da zai zubo a kwata. Mista Nwabueze ya taɓa yi masa bayani: kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa yana cin haƙori ya sandarar da ƙashi, kuma gidan tacewa ba ya kama shi, narkewa yake kamar gishiri ya wuce. Kwamitin ya duba sakamakon kwalaben Ari na shekara shida, ya ga adadin bai taɓa haura ɗaya da 'yan kai cikin miliyan ba. Saura mako uku da 'yan kwanaki su zauna su sa hannu cewa babu buƙatar a takura wa kamfanin kwanuka.

Washegari Ari ya je kamfanin ya yi hira da maigadi. Ba wani ɓoye-ɓoye a ciki. Akwai manyan kwatarniyoyin ruwan guba da ake tsoma kwanuka, kuma ba a iya zubar da su sai injuna sun tsaya. Injuna kuwa ba sa tsayawa sai ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya, in ma'aikata sun tafi masallaci. Shekara shida ana buɗe bututun nan a daidai sa'ar da mai ɗibar ruwa yake zaune a sahu na biyu.

Ya kai maganar ɗakin gwaji. Mista Nwabueze ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Malam Ari, kwamiti ba ya karɓar kwalba ɗaya," ya ce. "Sai uku, mako uku a jere. Kuma Juma'a uku ce ta rage."

"Kai ba ka zuwa masallaci. Ka ɗebo mana."

"Ni? In tsaya a bakin ruwan unguwa da kwalabe, a lokacin da babu namiji ko ɗaya a gida? In mace ɗaya ta leƙo ta ce ga Ibo yana zuba abu a ruwa, wa zai tsaya jin bayanina? Ina da 'ya'ya huɗu, Malam."

Ari bai musa ba, don ya san gaskiya ce. Ya kuma san abin da kowane yaro ya ji a makarantar allo, cewa wanda ya bar Juma'a uku a jere da gangan, ana rufe zuciyarsa. Ya je wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce lalura ce, ɗaya ya ce aikin gwamnati ba lalura ba ne. Ya dawo ya zauna a shagona.

"Gumsu tana cewa gwiwarta na ciwo da safe," ya ce.

Juma'ar farko na zauna a masallaci da gurbi a damana. Mutane suka riƙa tambaya ko ba shi da lafiya, na ce eh. Ya ɗebo ruwan a kwalabensa, amma ɗakin gwaji a rufe yake sai Litinin, don haka ya ajiye su a kan taga. Ranar Litinin da safe ya kira ni. Kwalaben da ya cika a bakin bututun kamfanin sun yi hazo daga ciki, fari-fari, kamar idon tsoho mai yana. Ya zuba ruwan ɗaya a wani mazubi, ya wanke ta, ya goge, hazon bai fita ba. Ruwan ya ci gilashin. Mista Nwabueze ya auna na bakin rafi, ya sake aunawa, ya ce ya haura arba'in cikin miliyan. Ya ba shi gorunan roba, ya kuma ce ya kawo masa ruwan rijiyarsa.

Juma'a ta biyu tsegumi ya fara. An gan shi a kan keke da akwati ana kiran salla. Wani ya ce tun da ya fara cin abinci da Ibo aka san za a rina. Na kusa dukan mutumin a harabar masallaci, da ƙafata mai ciwo.

Ta uku ita ce ya ba ni labarinta da bakinsa. Ya ce ya yi wanka, ya sa fararen kaya da turare kamar kullum, ya gangara rafi. Ya ji an tayar da salla. Ya ji kabbarar farko ta taso daga dubban bakuna, a daidai lokacin ruwan ya iso, garai-garai, har ya ga fuskarsa a ciki da rawaninsa. Awakina suna durƙushe a gefensa. Ya ce ya tsaya yana sauraron ƙirjinsa ko zai ji lokacin da za a rufe. Bai ji komai ba, kuma rashin jin ne ya fi ba shi tsoro. Ya durƙusa ya cika gorunansa.

Kwamiti ya zauna, aka yi ta jayayya kwana biyu, aka yanke adadi. Aka tilasta wa kamfanin ya haƙa rami ya riƙa kashe ruwansa da farar ƙasa kafin ya sake shi, aka kuma rubuta cewa za a riƙa ɗibar ruwa a kowace sa'a, har da Juma'a, da wani ɗan inji mai agogo. Sunan Ari bai fito a takardar ba. Ruwan rijiyarsa ya nuna tara. Shi da kansa ya bi gida-gida a layinmu yana cewa, "Ni na ce muku lafiyarsa lau. Ba lafiya ba. Ku yafe ni." Sannan ya sayo siminti ya rufe bakin rijiyar. Ya koma sahu na biyu, amma bai ƙara yarda ya ja mu salla a masallacin unguwa ba, ko da liman ya yi tafiya. Da damina ta biyu kwaɗi suka dawo.

Ranar da ya rufe rijiyar ina wurin, ina riƙe masa kwanon siminti ina ce masa bai iya shafe ba. Gumsu ta zo ta tsuguna kusa da mu. Yara sun fara yi mata dariya a makaranta, ta kuma ji mata sun daina cewa fure ne. Tana ta tura haƙorin gabanta da yatsa, tana gwada ko yana girgiza.

"Baba," ta ce, "yaushe waɗannan za su faɗi in yi wasu?"

Ari ya ci gaba da shafa simintin da ya riga ya yi sumul. Na buɗe baki zan yi mata ƙarya, ya ɗaga mini hannu.

"Ba za su faɗi ba, uwata," ya ce. "Sau biyu ake yi. Waɗannan su ne na biyun."

Ta kalli rijiyar. Sannan ta cire yatsan, ta rufe bakinta da tafin hannu, ta tashi ta shiga ɗaki. Yau tana da jikoki, kuma har yanzu haka take dariya.