Kuɓewa Mai Tsumma

A garinmu, idan kaka ta yi, an yanke dawa, iska ta fara sanyi, to lokacin Kaka ya zo. Haka muke kiran mahaifiyar babanmu, har na yi gemu ban san sunanta na yanka ba. Da an idar da magariba sai ta hura wutar kara a bakin lambunta na bayan gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Ni da wana Lawal muke gaba. Shi ke kwashe wadda ta gasu, a bar ni da ƙonanniya. Har yau haka muke.

Lambun ba wani girma gare shi ba. Yakuwa, barkono, kabewa tana bin danga, sai kuɓewa. Da kuɓewar nan take taƙama: gajera ce, mai kauri, da ja-ja a gindi, yauƙinta kuwa sai ka yanke da hannu. Ta ce a bakin zanenta ta ƙullo irin daga gidan uwarta. Duk shekara takan zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau ta ɗaura musu tsumma. Mai tsumma ba a tsinkarta. A jikin uwarta za ta bushe, ita ce irin baɗi.

Ba ta fara tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta shigo ta zauna!"

"Kai, mijin banza," ta nuna ni da kara, "rufe bakin nan, ƙuda zai shiga."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Bushiya da Gizo. Bushiya za ta yi tafiya, ta bar wa Gizo amanar lambu. Ta ce ya ci duk abin da ransa ke so, ban da kuɓewa mai tsumma. Ana nan sai Gizo ya yi baƙi, manyan dawa, su Zaki da Giwa. Ya duba ya ga babu wadda ta kai mai tsumma girma, ya tsinke ya yi miya. Baƙi suka kai loma, suka ji kamar itace suke tauna, suka tofar suka tashi. Damina ta zo, Bushiya ta nemi abin shukawa, babu.

Sai Kaka ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Bai sha miya ba, bai bar iri ba. To me ya yi ke nan? Ta ƙare, kowa ya karkaɗe wandonsa."

Lawal yana wurin. Da kunnensa ya ji. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Ni makaranta ba ta karɓe ni ba, guduma na kama. Gyaran jikin mota nake yi a wani gareji a unguwar Ras Al Khor ta Dubai, shekaru sun tura, baya ya fara ciwo. A nan babu ritaya. Ranar da ƙarfinka ya ƙare biza ta ƙare, khalas, shi ke nan. Maigidan ya riga ya faɗa min ba zai sabunta tawa ba idan ta cika. Ban yi kuka ba. Na ce zan koma lambun Kaka in ƙarasa kwanana ina ban ruwa.

Shi kuwa Yaya Lawal ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, gida ya zama nasa. Kaka ta daɗe da rasuwa, amma ba a daina shuka kuɓewarta da ɗaura tsumma ba. Kullum hotuna yake turo min. Ga shi jikoki sun kawo ziyara. Ga shi da ƙungiyarsu ta 'yan fansho sun je shan iska bakin dam, kowa da malafa. Ina gani ina cewa madalla, ga zafin walda a fuskata.

Bara da kaka ya kira ni, yana ta fara'a.

"Hamisu, zan gyara bayan gida. Intalok zan shimfiɗa, bulon siminti na daɓe, in sa kujeru. Baƙi na zuwa, babu wurin zama na mutunci."

"Lambun fa, Yaya?"

"Lambun me? Sauro kawai yake tara mana."

Na haɗiye abin da ya taso min, don wana ne. Na ce, "To don Allah, kafin a share, ka aiko min da kuɓewar Kaka."

Iri idan ya daɗe a ajiye mutuwa yake. Na ce gara in shuka a nan ya ƙaru, in koma da sabo. Daidai lokacin zafin Dubai ya fara sauka. Na samo bokitan fenti na huda gindinsu, na sayo ƙasa ta buhu, na jera su bayan gareji inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga.

Saƙo ya iso ta hannun wani mai kago, mai jigilar kaya daga gida, a unguwar Al Khabaisi. Na buɗe leda. Gari. Garin busasshiyar kuɓewa, an daka an zuba min a robar man shafawa.

Na kira shi daga bakin titi.

"Yaya, me na gani haka?"

"Kuɓewar kaka ka ce. Ga ta nan, ta bana ce, matata ta daka maka da hannunta."

"Ta Kaka na ce! Kakarmu! Iri!"

"To ai ba ka ce iri ba."

"Masu tsumman fa?"

Sai ya ce, "Duka aka haɗa. Haba Hamisu, a kan kuɓewa kake ɗaga min murya? Iri na nan cike da kasuwa, a fakiti."

Na kashe waya kafin in faɗi abin da zumunci ba zai ɗauka ba.

Na zo ɗaki na juye garin a faranti, na bi shi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ko miya ba zai yi ba, duk ɓawo ne. Amma taɓarya ba ta samu kowa ba. Na tsinci 'yan ƙwayoyi da ba su fashe ba, na shuka. Bokiti ɗaya ne ya amsa.

Yanzu kuɓewar ta yi ɗa, gajere, da ja-ja a gindi. Na yagi hannun rigar aikina na ɗaura masa. Bulus, ɗan Kafanchan da muke ɗaki ɗaya, ya leƙa ya ce, "Habibi, abokina, wannan ta isa miya fa."

Na ce, "Taɓa ta ka ga yadda ake miƙar da ƙarfe."

Ya yi dariya, amma in ba na nan shi ke ba ta ruwa.

Da ina yaro na ɗauka kwaɗayi Kaka take hana mu. Sai yanzu na lura Gizo ba yunwa yake ji ba, lambu cike yake da abinci. So yake baƙi su ce ya isa. Wannan ya fi yunwa ɓarna, don mai yunwa yana ƙoshi.

Shekaranjiya Yaya ya kira, murya a sanyaye. Ya ce in na dawo akwai kujerata a bayan gida. Na ce ya riƙe kujerarsa. Intalok nake so ya ɗaga min, daidai inda Kaka take hura wuta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ba komai. Da guduma nake sana'a.