Ko Yaya Ta Shiga Makka

A kaset labarin ya zo. Ina rumfata a kasuwar Gusau, inda nake sayar wa 'yan hatsi buhunan wofi, sai wani dattijo ɗan garinmu Bungudu ya yi sallama. Bayan mun gaisa ya ciro kaset daga aljihu, ya ce matar ƙanensa ce ta aiko daga Jidda, kuma akwai maganar da ta shafe mu a ciki. Lokacin an yi kamar shekara biyu da ba mu jiha. Mutanenmu da ke can ba su cika rubuta wasiƙa ba, sai dai su ɗauki muryarsu a kaset su ba mai dawowa gida.

Na ari rikodar maƙwabcina mai igiya. Matar ta yi ta gaisuwa gida-gida, ta yi faɗa a kan wata akuya da aka yanka ba da saninta ba. Can wajen ƙarshe ta ce, “Af, na so in mance.” Ta ambaci sunan yayata da na mahaifinmu, ta ce a gaya wa mutanen gidan Allah ya yi mata rasuwa, su yi haƙuri. Ta ce ita ma ji ta yi. Daga nan ta koma kan akuya.

Sau uku na mayar da kaset ɗin baya. Ba ta faɗi rana ba, ba ta faɗi wuri ba, ba ta faɗi ciwo ba.

Na rufe rumfa na shiga motar Bungudu. Na iske mahaifiyarmu, Inna, tana tsintar wake a faifai. Da na gaya mata, ta yi salati, ta ajiye faifan a hankali don kada ya zube. Sannan ta dube ni.

“Ta shiga?”

Na ce ban sani ba.

“To ka tahi ka sano min. In ta shiga, an yi mata salla a Harami. In ba ta shiga ba, ina son in san inda anka aje min ɗiya.”

Wanda bai san irin tafiyar Yaya ba zai yi mamakin wannan tambaya. Tun bayan rasuwar mijinta take zuwa Makka da bizar Umara, wadda ake ba mai ziyara na ɗan lokaci. Takan tafi a watan Sha'aban, ba ta dawowa sai alhazai sun watse. A tsakani tana dafa tuwo da miyar kuka tana sayar wa mutanenmu da shinkafa da burodi suka gundura. Sau shida ta yi haka. Mata da yawa daga wajajenmu suna yi, kuma dukkansu abu ɗaya ke hana su sakewa: ranar da ma'aikacin filin jirgi zai ɗaga kai ya ce wannan ba mai ziyara ba ce, a ware ta gefe, a mayar da ita a jirgi na gaba.

A fitowarta ta shida wani ma'aikaci ya daɗe yana buɗa fasfonta, ya kira wani suka duba tare, ya kaɗa mata yatsa kafin ya miƙo mata. Da shekara ta zagayo sai na gan ta da sabon fasfo fes, babu hatimi ko ɗaya. Ta ce tsohon ya faɗa ruwan wanki. Ban ƙara tambaya ba.

A gidana na Gusau ta sauka kwana huɗu kafin tafiya, bayan ta yi bankwana da Inna. Da la'asar abokan tafiyarta kan zo su cika tsakar gida, ni kuma in zauna bakin ƙofar ɗaki ina saurare, don abin yana ba ni mamaki. Mata ne da suka san lungunan Makka fiye da na Gusau, amma suna koya wa juna yadda ake zama baƙo.

“In ma'aikaci ya yi miki Larabci, kada ki amsa,” in ji wata doguwa. “Ki saki baki awa an yi miki Gwaranci.”

“Kuma kada ki cika jaka da daddawa,” in ji wata. “Mai ziyarar sati biyu mi za ta yi da daddawar gari guda?”

“Benen nan mai tahiya da kanshi, ki yi tsaye gabanshi kina salati. Kada ki haye shi tsaf awa gidan ubanki.”

Na tambaye su ko akwai wadda wani ma'aikaci ya taɓa gaya mata cewa waɗannan abubuwa yake dubawa. Suka yi min ca.

“Kai da ko Kano sai an riƙa maka hannu!” in ji Yaya. “Auta, tashi ka kawo muna ruwa.”

Ta fashe da dariya, haƙorin Makkanta ya haska. Na zinariya ne, a sama ta hagu, tun zuwanta na farko ta sa shi. Doguwar ta daina dariya, ta nuna shi da yatsa.

“To hauren hwa? Fasfo ya ce ba ki taɓa zuwa ba, baki ya ce kin zo.”

Wata ta ce ta rufe baki kawai. Wata ta ce ai sukan sa mutum ya yi magana. Yaya kuwa tana ta shafa haƙorin da harshe.

Washegari ta ce in raka ta wurin wani maƙerin farfaru, mai yin 'yan kunne a bayan kasuwa. Ya ce shi sa wa mata zinariya ya sani, bai taɓa cire musu ba.

“Malam, yau ka koya,” in ji ta.

Ya wanke ɗan awartakinsa da ruwan zafi, ya yi bisimilla, ya girgiza a hankali har kwanson zinariyar ya zame. Sai a ranar na san rufi ne kawai ake yi wa haƙori. Na ƙasan ya fito ɗan siriri, an goge shi, ya yi duhu. Ta dubi madubi ta ce, “Wagga tsohuwa ko Gusau ba ta taɓa zuwa ba.” Ta ƙulle zinariyar a gefen ƙyalle ta ba ni, ta ce in ajiye, kuma kada Inna ta ji, don za ta ce an raina abin da Allah ya ba mutum. Da sassafe na sa ta a motar Kano.

Wata biyar ke nan tsakanin wannan safiya da zuwan kaset, kuma a cikinsu ba mu sami saƙo daga gare ta ba. Hakan bai dame mu ba a lokacin, don ba ta son magana a rikoda. Takan ce muryarta na fitowa kamar ta agwagwa.

Bayan sadakar bakwai na fara bin sawu. Na ɗauki tambayoyina a kaset na aika wa matar Jidda, amsa ba ta zo ba. Matan da suka taru a gidana ba wadda ta dawo a shekarar. Duk wanda na ji ya sauka daga can sai in je in gaishe shi, in karɓi dabino, in kawo maganar. Da yawa sun san Yaya, wasu har sun ci tuwonta, amma a wasu shekaru. Daga nan aka ce min akwai wata Hajiya a Tsafe da ta dawo bayan ta shekara huɗu a can, kuma ɗakinsu ɗaya da Yaya a da.

Inna ta ce ƙafarta ƙafata. Ruwan farko ya sauka, muka wuce duwatsun Kwatarkwashi ana ta huɗa a gindinsu. Inna ba ta dubi waje ba, tana jan carbi.

Hajiyar Tsafe mace ce mai jiki da murya, tana sa Larabci a cikin kowace magana. Ta rungume Inna suka yi kuka. Da suka natsu Inna ta yi mata tambayar da ta yi min.

“Ta shiga mana!” in ji Hajiya. “Wallahi da idona na gane ta. Cikin azumi, bayan la'asar, bakin ƙohwar da 'yan ƙasarmu ka zama. Nac ce, ke 'yar Bungudu, ba su kama ki ba? Tay yi dariya, hauren nan nata na walƙiya, tac ce sai dai su kama ke.”

Inna ta ɗaga hannu biyu ta yi ta hamdala. Ni kuwa na san haƙorin yana gida cikin akwatina.

Na ce, “Hajiya, azumin bana ne ko na bara?”

“Na bana. Ko tsaya. Wanda munka tashi daga tsohon gida.” Ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. “Kai ɗan nan, alƙali ne kai? Azumi huɗu na yi a jere, duk ƙohwa ɗaya, duk mutane ɗaya.”

“Rufa mata baki da tambaya,” in ji Inna. “Ta ce ta gane ta.”

Game da rasuwar, Hajiya ta ce ita ma a bakin mutane ta ji, bayan ƙaramar salla. Ba ta je jana'iza ba, don mai zama ba takarda ba ya kusantar asibiti. Da ta rako mu zaure, Inna ta yi gaba, sai ta rage murya ta ce min in dai bincike nake so, akwai wani mai ɗinkin hula a Kucheri da suka shiga jirgi ɗaya da Yaya. Shi an ware shi a filin jirgi, ya yi kwanaki a tsare, aka dawo da shi. Duk wanda aka ware tare da shi ya san shi.

A mota Inna ta yi barci, kanta a kafaɗata. Rabonta da barcin rana tun zuwan labarin.

Na yi ta juya maganar. Ko dai Hajiya tana tuna wata shekara ce, ko kuwa Yaya ta shiga ta sa sabon haƙori. Na koma wurin masu dawowa da wata tambaya dabam: sa haƙorin Makka yana ɗaukar kwana nawa? Suka yi min dariya. Wani Alhaji ya ce tsakanin azahar da la'asar aka sa masa nasa, har ya sami jam'i. Wata ta ce masu sa shi suna nan birjik a bayan masaukin alhazai. Ke nan abu ne mai yiwuwa. Kuma na san halin yayata. Macen da ta kalli madubi ta kira kanta tsohuwa ba za ta yi wata guda a Makka da wannan baki ba. Idan na bi ta nan sai in ji sanyi a raina. Amma sai in tuna yadda Hajiya ta ƙirga yatsunta sau biyu ba ta sami amsa ɗaya ba. Na kuma lura mutum yakan tuna fuskar da ya saba da ita. Ni kaina in na rufe ido, da zinariyar nake ganin Yaya, alhali ni na riƙe mata mayafi aka cire.

Na kuma yi ta tunanin ko cirewar ta yi wani amfani. Wani da ya yi aikin share-share a filin jirgin can ya ce min bai taɓa ganin an buɗe bakin kowa ba. Wani ya rantse an yi wa matar wansa. Mai ɗinkin hular Kucheri, aka ce, ko zuwa ɗaya bai taɓa yi ba kafin nan, ba shi da abin ɓoyewa, kuma shi aka mayar.

Inna ta ƙara shekara uku a duniya. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta gaya masa ɗiyarta tana kwance a Makka, an yi mata salla a Harami. Sau ɗaya ta tambaye ni, muna zaune ana shan iska, me ya sa na tsare Hajiyar Tsafe da tambaya ranar nan. Na ce so na yi in tabbatar. Ta ce, “To ka tabbatar?” Na ce mata i.

Da tana da rai nakan ce wa kaina saboda ita ne ban je Kucheri ba, don in na ji wata magana dabam ban san yadda zan riƙe ta a gabanta ba. Bayan rasuwarta wannan dalili ya ƙare. Garin yana gaba da Tsafe kaɗan, a bakin titi, kuma nakan wuce ta nan idan za ni sarin buhu. An nuna min har rumfar da mutumin yake zama da allurarsa. Yana nan da ransa, in ji direbobin hanyar. Har yau ban sauka na tambaye shi ba.