Evelio Mai Fenti da Masu Tafa Masa

Evelio mai fenti maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Idan ciwonsa ya motsa, barci kan ƙaurace masa, ya yi ta zuba kamar rediyo, ya ɗauki burushi ya bi ƙofofin layinmu yana shafa musu kore da shuɗi ba wanda ya sa shi. Mutanen garinmu kuwa, 'yan son banza, sai zuga. Wani mai kanti, Don Fabio, har barasar rake yake tsiyaya masa.

"Maigida Evelio, hannun nan naka akwai albarka! Ga bayan shagona can ma ya koɗe."

Bayan 'yan makonni sai abin ya juye. Evelio ya shige ɗaki ya ja bargo, ko wainar masarar da yayarsa Nohemí ke gasa masa ba ya iya haɗiyewa. A nan ne masu yabon ke rikiɗa su zama likitoci. Wannan ya ce lalaci ne, waccan ta ce asiri ne, matan coci su ce addu'a ya rage. Mai leƙa shi kam babu.

Ranar da ya hau hasumiyar coci da bokitin fenti ko igiya babu, ƙatti na ƙasa suna tafi, Nohemí ta ce ya isa haka. Ta sa shi a mota sai asibiti a birnin Medellín. Likita ta ce sinadaran da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwarsa ne ke rikicewa, su cilla shi sama sannan su kayar da shi, kuma ciwon yakan bi jini. Nohemí ta tuna mahaifinsu, ta fashe da kuka.

Ya dawo yana shan maganinsa kullum. Maganin na sa hannunsa ɗan rawa, amma yana barci, yana cin abinci. Ka ce gari zai yi murna? Ina!

Don Fabio ya tare shi a kasuwa. "Haba Evelio, likitocin nan sun kashe mana kai. Da can ka fi daɗin zama."

Evelio ya dube shi. "Daɗin, ku kuka sha, Don Fabio. Ni wahalar na sha."

Yanzu yana gonar kofi ta Nohemí a bayan gari, yana kiwon kaji. Da wuya ya shigo kasuwa. 'Yan zaman kantin sun ce wai girman kai ya shige shi.