Guɗar Hajara

Ranar Asabar ce. Na dawo daga sallar asuba na tarar Hajara, matata, ta riga ta ɗora tukunya. A ranar za a kawo wa ƙanena Isiya amarya daga hayin rafi. A garinmu kan babura ake kawo amarya, kuma mai guɗa ce take fara tarar su a bakin gari, gindin tsamiya. Hajara ce mai guɗarmu.

Da hantsi muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Bayan azahar muka ji rurin babura daga wajen rafi, masu yawa. Isiya ya yi dariya, ya ce dangin amarya sun yi mana kara. Hajara ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta fita da sauri. Mata suka bi ta.

Na ji guɗarta. Ta ja ta da tsawo kamar yadda ta saba. Ta fara ta biyu, sai harbi ya katse ta. Ashe 'yan bindiga ne a kan baburan.

"Ku kwanta! Kar wanda ya motsa!"

Isiya ya ruga wajen tsamiya. Ni na tsallake danga na faɗa gonar dawa, na yi rub da ciki. Ina jin ana fasa ƙofofi, ana kora shanu. Da la'asar ƙaurin hatsi ya iso ni, na san rumbuna ne. Ba a kira magariba ba.

Na rarrafa don in kai gindin tsamiya. Na hango 'yan bindigar zaune a can, da tukunyarmu a tsakiyarsu. Na juya, na bi rafi. Washegari na fita titi, ƙafafuna duk ƙaya. Wani direban motar kaya ya ɗauke ni, bai tambaye ni komai ba. A Zuba ya sauke ni.

Daga baya wani ɗan garinmu ya faɗa mini dangin amarya ne suka binne su. Hajara, da Isiya, da matan da ke gaba.

Yanzu lemo nake saukewa a kasuwa. Ranar Asabar motocin biki sukan wuce ta hanyar Kaduna suna oda. Nakan ajiye kwando in tsaya. Wani lokaci wata takan yi guɗa ta taga. Gajeruwa suke yi a nan.