Dattijon da Ya Zo Ƙarar Gwiwarsa

A bencin asibitin ƙashi, wani dattijo mai farin gemu na zaune kusa da ni, tafinsa kan gwiwar da aka yi wa allura. Ba wanda ya kira shi. Da kansa ya taso daga Mabera. Leɓɓansa na motsi, na zaci tasbihi ne. Ashe bita yake: "Asuba a zaune. Azahar a tsaye. Sujada, sai da hawaye."

Da salla yake auna ciwonsa. Ina jin liman ne, yana tsoron ranar da zai durƙusa gaban sahu ya kasa tashi. Sai dai irin mutanen nan ne da ko rijiya suka faɗa, ka leƙa ka gaishe su, za su ce lafiya lau. In ya faɗi haka yau, sallamarsa za a yi.

Nas ta leƙo. "Baba, ya ƙafa?"

"Alhamdu lillahi, da sau..."

Yatsunsa suka damƙe gwiwar. 

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "godiya ta Allah ce. Amma ƙahwar ga, ba ta lahiya."